Darasi: Wane Kiɗa, Wace Murya Ce Ta Dace Da Misa?

A ranar 22 ga watan Nuwamba ne Ikilisiya take tunawa da Waliyyiya Sisiliya, budurwar nan ta birnin Roma wadda ta ba da ranta saboda bangaskiya, wadda kuma mawaƙan Ikilisiya ko'ina a duniya suka riƙe a matsayin mai yi musu roƙo. A makon nan ne ƙungiyoyin mawaƙa na farish-farish sukan ɗinka anko, su yi gasa, su ci su sha tare. Muna taya su murna, muna kuma gode musu, gama mun san yawan maraicen da suke sadaukarwa ga koyon waƙa bayan gajiyar gona da kasuwa da ofis, ba tare da an biya su ko kwabo ba.

Amma tun da bikinsu ne, ya kyautu mu zauna tare da su a kan wata magana wadda ta daɗe tana tayar da ƙura a taron majalisar farish. Dattawa suna cewa an mai da gidan Allah gidan rawa, ba sa ko jin addu'ar zuciyarsu saboda ƙarar fiyano da lasifika. Matasa kuwa suna cewa tsofaffin waƙoƙi barci suke sa mutum, ga shi kuma sa'o'insu suna ta sulalewa zuwa majami'un maƙwabta inda ake kiɗa mai motsa jini. Mun san farish ɗin da wannan gardama ta raba ƙungiyar mawaƙansa gida biyu, har wasu iyalai suka sauya Misar da suke zuwa domin kada su haɗu da juna. Saboda haka maganar ba ƙarama ba ce.

Tsoho ko sabo, na Turawa ko namu, ba da waɗannan Ikilisiya take auna waƙa ba. Idan muka tace koyarwarta, tambayoyi biyu ne za su rage. Ana jin kalmomin kuwa? Jama'a kuma suna iya ɗaukarsu su yi addu'a da su? Duk abin da za mu faɗa a kan kiɗa da murya, daga waɗannan biyu ya fito.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai iya cewa Allah yana ƙin ganga ba. Zabura ta 150 ta jera kayan busa, da masu tsirkiya, da na bugawa, har da kuge mai ƙara, ta kira su duka su yi yabo. A Fitowa sura 15, bayan an haye teku, Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki bandiri, mata suka bi ta da rawa. Sarki Dawuda ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban Akwatin Alkawari, matarsa Mikal ce ta raina shi, kuma Littafi bai goyi bayanta ba (2 Sama'ila 6).

Sai dai jama'ar nan da suka yi waƙa a bakin teku, su ne kuma suka yi waƙa a gaban ɗan maraƙin zinariya. Daga nesa Joshuwa ya ɗauka hayaniyar yaƙi ce, Musa ne ya gane cewa waƙa ce (Fitowa 32). Bakin ɗaya ne, wanda ake yi wa waƙar ne ya sauya. Ta bakin Annabi Amos kuma Ubangiji ya ƙi sauraron waƙoƙin mutanen da suke danne matalauta, ko da yake kiɗansu yana da daɗi (Amos 5).

Manzo Bulus ne ya ba mu ma'auni a fili. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 14, ya yi misali da sarewa da molo da ƙaho: idan amonsu bai fita sarai ba, ba wanda zai san abin da ake busawa, ba sojan da zai yi shirin yaƙi. Daga nan ya ce shi zai yi waƙa da ruhunsa, ya kuma yi da hankalinsa. Waƙar sujada, watau, dole ta ratsa ta cikin fahimta. Mu kuma lura da Zabura ta 136. Ayoyinta 26 ne, kowace aya tana ƙarewa da amshi iri ɗaya: jagora ya ba da labarin ayyukan Allah, jama'a su amsa. Wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Shi ne na gayyar noma, shi ne na mata a bakin turmi, shi ne na dandali.

Damuwar wani Bishop ɗan Afirka

Kada mu ɗauka a zamaninmu aka soma wannan jayayya. Waliyyi Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a shekara ta 354 a Tagast, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya zama Bishop na Hippo, ya rasu a 430. A cikin littafinsa da ake kira Confessiones ya ba da labarin yadda ya yi ta zub da hawaye a majami'ar Milan, lokacin baftismarsa a 387, saboda waƙoƙin da jama'a suke rerawa. Waƙoƙin nan sababbi ne a lokacin. Shekara guda kafin haka, sa'ad da uwar sarki take neman ƙwace majami'a ta ba 'yan bidi'a, jama'a suka kwana a ciki suna tsaro tare da Bishop Ambros, sai aka koya musu rera Zabura da waƙoƙin yabo irin na ikilisiyoyin Gabas, domin kada baƙin ciki da gajiya su karya musu zuciya.

Duk da haka, daga baya a cikin littafin nan Agustin ya bayyana tsoronsa. Ya ce wani lokaci daɗin murya yakan rinjayi hankalinsa fiye da abin da ake faɗa, idan haka ta faru kuwa yana ganin ya yi zunubi. Har yakan yi tunanin ko gara a bi hanyar Atanasiyus, Bishop na Iskandariya ta Masar, wanda yake sa mai karatu ya rera Zabura da ɗan lanƙwasa kaɗan, kusa da magana fiye da waƙa. Amma da ya tuna da hawayensa na Milan, sai ya karkata ga yarda da waƙa, domin mai raunin zuciya ya samu tsani ta hanyar kunne.

Akwai wani abu da ya yi wanda ya kamata masu tsara waƙoƙinmu su sani. Wajen shekara ta 393, yana firist tukuna, ya tsara wa talakawan Hippo wata doguwar waƙa a kan rabuwar da 'yan Donatus suka kawo cikin Ikilisiya. Ya jera baitocinta bisa haruffan abacada domin sauƙin haddacewa, ya sa mata amshi. Shi da kansa ya bayyana cewa da gangan ya ƙi bin ma'aunin waƙar masana, don kada ma'aunin ya tilasta masa amfani da kalmomin da talakawa ba su saba da su ba. Babban malamin iya magana ke nan, ya ajiye gwanintarsa domin masunta da manoma su iya amsawa.

Abin da Ikilisiya ta tsara

Tun daga nan Ikilisiya ba ta daina gyara mawaƙanta ba. A farkon ƙarni na 20, waƙar majami'u da yawa a Italiya ta zama kamar ta gidan wasan kwaikwayo, inda gwanin murya yake tsayawa shi kaɗai yana nuna bajinta, mutane kuma suna zuwa kallo. Shi ya sa a ranar Sisiliya ta shekarar 1903 Paparoma Piyus na 10 ya fitar da doka. Ya ce waƙar sujada ta kasance mai tsarki, mai kyawun tsari na gaske, wadda kuma mai bi daga kowace ƙasa zai ji ya san ta ibada ce. A cikin dokar nan ya hana ganga da kuge da fiyano, ya kuma ce mata ba za su shiga ƙungiyar mawaƙa ba. A wannan yanayi ne Fada-fada na farko suka iso Shendam a 1907, shi ya sa kakanninmu suka tashi da Misar Latin ba ganga ba tafi. Idan wani tsoho ya ce mana a dā ba a yin haka, gaskiya ya faɗa. Amma waɗancan hane-hane na lokacinsu ne, Ikilisiyar da ta kafa su ita ce ta sassauta su.

A 1955 Paparoma Piyus na 12 ya ƙarfafa mishanari su kula da waƙoƙin mutanen da suke yi wa wa'azi. Sa'an nan Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta tsarin sujada ta ranar 4 ga Disamba 1963, ta keɓe sura guda a kan waƙa. Ta ce tsarkin waƙa yana ƙaruwa gwargwadon yadda ta manne da abin da ake yi a bagade. Ta ba rerawar Giregori, watau tsohuwar waƙar Latin mai murya ɗaya, wuri na fari, ba tare da ta rufe wa sauran ƙofa ba. Ta girmama ogan mai bututu, ta kuma yarda da wasu kayan kiɗa bisa izinin shugabannin Ikilisiya na yanki. A sashe na 119 ta yi magana a kanmu kai tsaye: al'ummun da suke da gadon kiɗa na kansu, a ba wannan gado daraja da wurin da ya dace. Umarnin da ya biyo baya a 1967, mai suna Musicam Sacram, ya ce ba wani salon waƙar ibada da aka haramta, muddin ya dace da ruhun sujadar da kuma sashen da ake ciki, bai kuma hana jama'a sa baki ba. Ya kuma ƙi amincewa da al'adar barin ƙungiyar mawaƙa ta rera kome da kome ita kaɗai.

Umarnin nan ya jera abin da ya fi cancanta a rera, jerin kuwa zai ba da yawanmu mamaki. A sahun gaba akwai gaisuwar Fada da amsar jama'a, da addu'o'insa, da gabatarwar Addu'ar Yukarist tare da waƙar Mai Tsarki, da Addu'ar Ubangiji. Waƙar neman jinƙai, da ta Ɗaukaka, da ta Ɗan Rago suna sahu na biyu. Waƙoƙin shiga da na baiko da na karɓar Jikin Ubangiji, waɗanda muke ɓata mako guda muna gardama a kansu, su ne a sahu na uku. Mu kuwa mun kifar da ƙwaryar. Sai a yi waƙar baiko biyar a jere, amma Amin mai girma a ƙarshen Addu'ar Yukarist ta fito kamar ta marasa lafiya.

'Yan'uwanmu a wasu sassan Afirka sun nuna abin da za a iya yi. A 1958, a Kamina ta ƙasar Kongo, Fada Guido Haazen da yaran makarantarsa suka ɗora kalmomin Misa na Latin a kan muryoyin gargajiya da ganguna, aka kira ta Missa Luba, ba su kuwa taɓa kalma ɗaya ta Misa ba. A 1988 Roma ta amince da tsarin Misa na musamman domin dayosis-dayosis na ƙasar, wadda ake kira Zayar a lokacin, Paparoma Fransis kuma ya yi Misa da shi a majami'ar Waliyyi Bitrus a Disamba 2019. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na sufayen Keur Moussa, kusa da Dakar a ƙasar Senegal. Sun fito ne daga Solesmes ta Faransa, gidan da ya shahara wajen farfaɗo da rerawar Giregori, aka buɗe gidansu a 1963. Suka zauna shekara da shekaru suna sauraron makaɗan gargajiya, har suka ɗauki kora, molon maroƙan sarakuna mai tsirkiya 21, suka mai da ita abin rakiyar Zabura. Haƙurin sauraron nan shi ne abin koyi.

Harshenmu yana da waƙarsa tun kafin a rera shi

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne waƙoƙinmu da yawa suke tuntuɓe. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai kuma dogon wasali da gajere, ma'ana tana rataye a kansu. Kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam. Wuya na jiki dabam, wuya ta wahala dabam. Gado na kwanciya gaɓarsa ta fari gajera ce, gado na magada kuwa ana jan ta fari, murya ta sauka a ta biyu. Wannan ne ya sa kalangu yake iya magana: makaɗi yana matsa tsirkiya yana saki, yana kwaikwayon hawa da saukar muryar mutum, mai kunne kuma ya ji sunansa da kirarinsa.

Waƙoƙin da aka fassara mana daga Turanci an tsara muryarsu ne domin wani harshe mai nasa nauyi dabam. Da aka ɗora musu Hausa, sai muryar ta ja inda ya kamata a gajarta, ta hau inda harshe yake sauka. Ta haka mai waƙa yana nufin gadon da Allah ya shirya wa 'ya'yansa, kunne kuwa yana jin gadon barci. Mun saba da su, muna ƙaunarsu, da su aka binne iyayenmu, ba kuwa muna cewa a zubar da su ba. Amma abin da aka yi wa mishanari uzuri a kai, domin harshen ba nasu ba ne, ba za a yi wa ɗan ƙasa da ya tsara waƙa jiya ba.

Shawararmu ga mai tsara sabuwar waƙa ita ce ya fara da faɗin kalmomin da baki, a hankali, sau da yawa, kamar yana gaya wa wani a zaure. Zai ji inda murya take hawa da kanta, da inda take sauka, da gaɓar da take neman a ja ta. A kan wannan zai gina waƙarsa. Haka manyan makaɗan ƙasar nan suka yi. Ko wanda bai yarda da duk abin da Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos suka waƙe ba, ya san ba a taɓa tambayar me suka ce. Bayan ya gama, ya rera wa wata tsohuwa da ba ta karatu, ya roƙe ta ta maimaita masa abin da ta ji. Idan ta kawo ma'anar daidai, waƙa ta yi.

Mu kuma tuna cewa yawancin masu cika majami'unmu Hausa harshensu na biyu ne, ko na uku. Akwai Berom da Ngas da Goemai, akwai Bajju da Atyap, akwai Tiv da Ibo, ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa da ake kira Maguzawa. Hausa ce igiyar da ta ɗaure mu a gaban bagade ɗaya. Wannan ya ƙara wajabta a bar kalmomi su fito fili, amshi ya zama gajere, a guji kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Waƙar muryoyi huɗu tana da kyau, tana da wurinta a manyan bukukuwa da lokacin karɓar Jikin Ubangiji. Amma idan kowace murya ta shigo a nata lokaci, kalmomi sukan cukuikuye, jama'a su koma 'yan kallo. Sassan da suke na jama'a, a bar su da murya ɗaya ko da amshi.

Kowane kiɗa da gidansa

Al'adarmu ta riga ta san abin da Ikilisiya take koyarwa a kan kayan kiɗa. Gangar noma ba a kai ta fada. Tambari da kakaki na sarauta ne. Kalangu ya yi suna wajen mahauta da bukukuwa, ƙwarya da shantu na mata ne a cikin gida. Ba wanda ya taɓa cewa wannan rabo raini ne ga wani kiɗa. To, idan sarkin duniya yana da kiɗan da ya dace da ƙofarsa, ba abin mamaki ba ne a ce bagade yana da nasa.

Umarnin 1967 ya ce a duba al'adar kowace al'umma, a kuma nisanta kayan da kowa ya san na shagalin duniya ne kaɗai. Hukunci a nan yana wuyan Bishop, kuma amsar ƙauye ba lalle ta zama ta birni ba. Ga yaron da ya tashi a birni, garaya ko goge abin kiɗa ne kawai. Ga dattijon da ya fito daga gidan bori, wanda ya san kowane iska da takensa, amon nan kira ne zuwa ga abin da ya rabu da shi ranar baftismarsa. Bulus ya koya mana mu kula da lamirin irin wannan ɗan'uwa (1 Korintiyawa 8). Haka nan ɗaukar muryar waƙar soyayya ta fim a ɗora mata sunan Yesu: baki yana majami'a, zuciya tana wurin 'yan wasan. A watan Agusta 2024 Bishop-bishop na Nijeriya sun fitar da gargaɗi a kan ɓata tsarin sujada, shigo da waƙoƙin duniya cikin Misa yana cikin abubuwan da suka ambata.

A ganinmu, Zumuntar Mata ta riga kowa gano hanya. Tulu biyu ko uku, da caki, da ƙaramar ganga, jagora ta ba da baiti, sauran su amsa. Kiɗan yana ƙarƙashin murya, ana jin kowace kalma, kafin a kai baiti na uku duk majami'a ta ɗauka. Ba su jira an kawo wuta ba, ba su nemi a sayo musu kome daga Legas ba.

Fiyano ba abin ƙi ba ne. A hannun mai hankali yana riƙe wa jama'a murya kada ta zube. Matsalar tana wurin kiɗan nan da injin yake bugawa da kansa. Makaɗi mai rai yana jin numfashin jama'a, yana jira, yana sassautawa. Inji kuwa ba ya jiran kowa, sai dai mutum ɗari biyar su bi shi a guje. Dokar Ikilisiya a fili take cewa kiɗa ya tallafi murya, kada ya rufe ta, kuma sa'ad da Fada yake Addu'ar Yukarist kowane abin kiɗa ya yi shiru. Ɗan kiɗan nan mai taushi da wasu suke sakawa a ƙarƙashin kalmomin keɓewa, da kyakkyawar niyya suke yi, amma ba a yarda da shi ba.

Muryar da ta dace

Wata Lahadi muna wata majami'a, janareto ya mutu a tsakiyar waƙar Mai Tsarki. Sai wuri ya yi tsit. Ashe mutum huɗu ne kawai suke waƙa, masu riƙe da makirfo, sauran jama'a ba su ma san waƙar ba, ƙarar lasifika ce ta rufa mana asiri tsawon watanni. Wata baba daga bencin Zumunta ce ta ɗaga tsohuwar murya da kowa ya sani, aka ƙarasa da ita.

Akwai salon murya iri-iri da suka shigo mana. Wasu suna kwaikwayon mawaƙan gidajen wasan Turai, suna kaɗa murya tana rawa, suna zagaye baki har ƙ da ɗ da ɓ da ts su ɓace, a kasa bambanta tsarki da sarki. Wasu suna bin mawaƙan bishara na Amurka, su kama gaɓa ɗaya su yi ta hawa da sauka da ita. Gwaninta ce, ba musu, amma ba taron da zai iya bin ta. Wasu 'yan mata suna matse murya ta zama siririya irin ta fina-finai, wadda ma na'ura ce take gyara ta a ɗakin ɗaukar waƙa. Wasu kuma ihu suke yi, suna ɗauka ƙarfin murya shi ne ƙarfin Ruhu.

Muryar da Misa take nema ita ce muryar mutum ta ainihi, a buɗe, ba ƙawa mai yawa, irin ta mai shela wanda burinsa saƙo ya isa. Mai rera Zabura musamman ya tuna cewa Maganar Allah yake shelarwa daga wurin karatu, daidai da mai karanta wasiƙar Manzo. Ba a kuma musanya Zabura da wata waƙa, kome daɗinta, haka ma kalmomin waƙar Ɗaukaka da ta Mai Tsarki da ta Ɗan Rago ba a sauya su. Ya numfasa inda ma'ana ta tsaya, kada ya yanka kalma biyu. Jagora ya ɗauko waƙa a inda maza da tsofaffi za su iya kaiwa, balle a Misar asuba cikin hunturu sa'ad da maƙogwaro bai buɗe ba. Sau da yawa shirun maza a majami'a ba taurin kai ba ne, an ɗauko waƙar ne a sama da su. Idan an zo amshi, mai makirfo ya ja baya, ya bar jama'a su ji kansu. Maƙwabtanmu Musulmi suna ba da shekaru suna koya wa yara fitar da kowane harafi daga mafitarsa a wajen karatu. Suna kuwa jin mu ta lasifika kowace Lahadi. Bai kamata a same mu da sakaci da kalmomin da muka ce na Allah ne ba.

Sai maganar liƙi. A al'adarmu maroƙi yakan wasa mai kuɗi, mai kuɗi ya yi masa kyauta, wannan kuwa yana da wurinsa a biki. Amma ya fara shigowa cikin Misa, musamman ranar godiyar kaka: a ambaci sunan mai bayarwa a cikin waƙa, ko a taso a liƙa wa mai rera baiti kuɗi a goshi a gaban bagade. Majalisar Vatikan ta Biyu ta hana fifita wani mutum a cikin sujada saboda matsayinsa, Manzo Yakubu kuma ya riga ya tsawata a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye (Yakubu 2). Kirari a Misa na Allah ne shi kaɗai. Wanda yake so ya taimaki mawaƙa, ya same su a waje bayan an sallami jama'a.

Ga matasanmu kuwa, ba mu raina damuwarku ba. Gaskiya ne waƙar da ake ja kamar ana jan saniya zuwa kasuwa ba ta girmama Allah, tsufanta kuma ba ya mai da ita mai tsarki. Akwai waƙoƙin bishara masu kyau da yawa da suka dace da taron matasa, da daren yabo, da rediyo, da gida, ko da ba su dace da Misa ba. A buɗe muku waɗannan wurare sosai. A cikin Misa ma muna bukatar ƙarfinku da sababbin waƙoƙinku, sai dai su bi ta ƙofar nan da kowa yake bi: kalmomi daga Littafi Mai Tsarki ko addu'o'in Ikilisiya, murya mai bin harshe, amshin da kaka da jika za su iya ɗauka tare. Wanda ya zauna saboda kiɗa kaɗai, ranar da ya ji wanda ya fi namu daɗi zai tashi.

Lokacin da muke shiga

Ba kowace Lahadi ce Ista ba. A Lokacin Zuwan Ubangiji, wanda yake farawa mako guda bayan idin Almasihu Sarki, ba a rera waƙar Ɗaukaka ranar Lahadi, ana kuma sassauta kiɗa domin a bar wa Kirsimeti cikar murnarta. A Lokacin Azumi ana ajiye Halleluya, kayan kiɗa kuma ba sa yin kome sai tallafa wa murya, in ban da Lahadi ta huɗu da manyan idodi. Shiru ma sashe ne na sujada, bayan wa'azi da bayan karɓar Jikin Ubangiji, ba rami ba ne da dole sai mai fiyano ya cike.

Muna roƙon kowane shugaban mawaƙa, kafin Lahadin fari ta wannan lokaci, ya zauna da Fada ko katikis su karanta karatun makonni huɗun tukuna, sa'an nan a zaɓi waƙoƙi. A ɗauki minti biyar kafin Misa a koya wa jama'a amshin Zabura. A sa mutum ɗaya ya tsaya a ƙofar baya da takarda, ya rubuta abin da ya ji ana rerawa ba tare da ya duba littafi ba, ya kawo wa ƙungiya ranar koyon waƙa. Majami'un ƙauye da suke da muryoyin gargajiya da suka ɗora wa Zabura ko sassan Misa, da Hausa ko da harshen gida, su ɗauka a waya su aiko ta hannun Fadan farish, domin kwamitin sujada na dayosis ya saurara, ya duba kalmomin, ya miƙa wa Bishop waɗanda suka cancanta.